Akwatin Kan Sarki a Cikin Gado: Nazarin Wani Lamari a Birnin Kebbi

Gida, gonar shinkafa a fadama da ɗan abin da ya rage a banki ba su ba malamin rabon gado wahala ba. Kowanne yana da kuɗin da aka san shi da shi a gari, in gardama ta taso a kira dillalai biyu ko uku kowa ya faɗi nasa. Abin da ya tsayar da rabon gadon wani dattijo a Birnin Kebbi shi ne akwatin ƙarfe guda da aka jawo daga ƙuryar ɗakinsa. A ciki akwai albam uku cike da kan sarki, gwangwanaye da aka jera kan sarki a ciki ɗauri-ɗauri, tarin tsofaffin ambulan, littattafan rubutu irin na 'yan makaranta da ya cika da hannunsa, hantsaki, gilashin ƙara girman rubutu, sai wani ƙaton littafin Turanci mai jan bango: kundin farashin kan sarki na kamfanin Stanley Gibbons, bugun 1980.

Magadan su ne matarsa, 'ya'ya maza uku da mata huɗu, dukansu baligai. Sun yarda a rubuta lamarin bisa sharaɗin kada a kama suna. Ni kuwa an sa ni cikin zaman ne saboda ina koyar da tarihi, kuma na ɗan san yadda ake karanta irin wannan kundi.

Mutumin da sana'arsa

Marigayin ya shiga aikin gidan waya yana saurayi, tun Turawa ba su tafi ba, lokacin ƙasar Gwandu, Argungu da Yawuri duk suna ƙarƙashin Lardin Sakkwato. Aiki ya kai shi Argungu, ya kai shi Yelwa, ya dawo da shi Birnin Kebbi, inda ya yi ritaya kafin a ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991. A gari an san shi da aikin gwamnati. Sana'arsa ta biyu kuwa ko maƙwabta ba su ɗauke ta sana'a ba, wasan yara suke ganinta.

Ga yadda take. Ofisoshin En'e, kotu, asibiti, banki da kantunan kamfanoni suna samun wasiƙu kullum, ana buɗewa a jefar da ambulan. Sai ya shirya da masinjoji su riƙa tara masa, yana ba su na goro. Wasiƙar da ke kan hanya zuwa ga mai ita ba ya taɓa ta, don wannan laifi ne da ke kai ma'aikaci gidan yari, sai wadda ta isa aka gama da ita. Da dare ya yanke kusurwar ambulan, ya jiƙa a tasa da ruwan sanyi har kan sarkin ya saki takarda don kansa, ya shanya shi a kife a kan tsohuwar jarida, in ya bushe ya danne shi cikin littafi. Daga nan sai tacewa: a fitar da mai yagaggen haƙori da wanda hatimi ya baƙanta, a ware iri-iri, a ɗaure ɗari-ɗari da zare.

Waɗannan ɗaurin su yake aika wa ƙananan dillalai a Ingila. A wancan zamani yara da yawa a Turai da Amurka suna tara kan sarki, dillalai kuma suna haɗa musu ƙunshi mai arha na ƙasashe daban-daban, don haka kullum ana neman na Afirka da yawa-yawa. Na Nijeriya kuwa suna da kyan gani. Jerin da aka fitar a 1953 yana da mahayan Barno a kan na kwabo, gyaɗa a kan na ahu (kwabo ɗaya da rabi), gadar Jebba a kan na taro, awaki da shanun Fulani a kan na sule goma. Kuɗin da ake biya kan ɗauri ɗaya bai taka kara ya karya ba, kuma sau da yawa musaya ake yi: a aiko masa da na ƙasashen waje, shi kuma ya sayar wa 'yan sakandare da malaman Indiya, Pakistan da Gana da suka cika makarantun Arewa a shekarun 1970 zuwa farkon 1980. Matarsa ta ce da ribar ake yi wa yara ɗinkin Sallah. Iyakar girman sana'ar ke nan, kuma bai kamata a kumbura ta ba.

Faɗuwar naira daga 1986 ta kori malaman waje, ta kuma sa kuɗin aika kaya Ingila ya fi abin da ke cikin ƙunshin. Wayar salula da ta zo a 2001 ta ƙarasa wasiƙa, har 'yan zaɓi-sonka da suka saba cika akwatin gidan waya da katuna suka koma bugo waya gidan rediyo. Cinikin ya mutu, amma rubutun bai tsaya ba. A littattafan nan ya zana hatimin kowane gidan waya da ya taɓa gani, ya auna faɗinsa, ya rubuta yadda aka rubuta sunan garin a jiki, da rana mafi tsufa da mafi kusa da ya ga an buga shi. Akwai shafuka kan hanyar da buhun wasiƙu ke bi daga Sakkwato zuwa Argungu da Birnin Kebbi, da yadda damina ke jinkirta shi. Yawanci da boko ya rubuta, wani wuri da ajami a gefe. Ba a taɓa buga ko shafi ɗaya ba.

Inda aka sami saɓani

Autan maza ne ya fara buɗe jan kundin. Ya ga kowane kan sarki da lambarsa da kuɗinsa da fam na Ingila, ya ɗauki waya ya fara lissafi: kuɗin kundi sau yawan abin da ke gwangwani, sau canjin lokacin, da fam ɗaya ke kaiwa wajen naira 2,000. Kafin la'asar ya tara miliyoyi a takarda. Ya kuma ci karo da wani rubutu a Facebook kan wani kan sarkin Nijeriya ta Arewa mai hoton Sarkin Ingila Edward na Bakwai da ake saye da dubban daloli, ga shi kuwa a albam ɗin mahaifinsa akwai masu wannan hoton da wannan sunan har shafi guda.

"Yaya, wanga akwati ya hi gidan nan tsada," in ji shi a zaman farko. "Ga shi rubuce, ba ni nac ce ba."

Babban wansu ya ce, "Kai dai ka cika son banza. Takardun da anka riga anka buga ma hatimi, wa ka sayen su? A ba yara su yi wasa."

Malamin ya saurari kowa, sannan ya ce abin da ba a san ƙimarsa ba ba ya rabuwa, kuma ba zai kira abu shara ba alhali wani magaji yana cewa dukiya ne. Ya kawo abin da ke cikin Risala ta Ibn Abi Zaid: abin da zai rabu ba tare da cutarwa ba a raba shi, wanda kuwa ba zai rabu ba sai da cutarwa, in ɗaya daga masu shi ya nemi a sayar, ana tilasta wa wanda ya ƙi. Tambayoyi biyu ke nan suka rage: nawa ne kuɗin akwatin, kuma zai rabu ko ba zai rabu ba. Duka biyun sun rataya ne a kan fahimtar mene ne jan kundin, da wanda ya rubuta shi.

Mai sayarwa da ya zama mai rubutawa

An haifi Edward Stanley Gibbons a garin Plymouth na Ingila ranar 21 ga Yuni 1840, makonni kaɗan bayan fitowar kan sarki na farko a duniya, wato Penny Black, a watan Mayu na wannan shekarar. Mahaifinsa mai kantin magani ne. Yaron ya ɗan yi aikin akawu a banki, sannan ya koma kantin, inda aka ba shi kusurwa guda yana sayar da kan sarki. Kamfanin yana lissafin farkonsa daga 1856. Labarin da aka fi yawan bayarwa a kansa shi ne na 1863, lokacin da wasu ma'aikatan jirgin ruwa biyu suka shigo da jaka cike da kan sarki masu kusurwa uku na Cape of Good Hope, a Afirka ta Kudu ta yau, ya saye da fam 5, ya ci ribar da aka ce ta kai fam 500. Irin wannan labari shi ke sa kowa ya ga tsohon akwati ya fara mafarki.

Amma ba jakar ce ta gina shi ba. A watan Nuwamba 1865 ya buga jerin farashinsa na farko, ɗan ƙaramin littafi da ke nuna abin da yake da shi da kuɗin da yake so. Ya kuma tsara albam masu gurbi-gurbi, kowane kan sarki da wurinsa a shafi. Wannan dabara ce ta ɗan kasuwa ƙwarai, domin yaron da ya ga gurbi uku babu komai a shafinsa ba zai huta ba sai ya cike su, kuma ya san wurin da zai saya. A hankali jerin farashin ya girma ya zama kundi da ake sabuntawa, mai bayanin launi, takarda, yawan haƙoran gefe da ranar fitowa. Gibbons ya bar sayar da magani, ya koma Landan a 1874, sannan a 1890 ya sayar da kamfanin ga Charles Phillips kan fam 25,000 ya shiga yawon duniya. Ya mutu ranar 17 ga Fabrairu 1913. Kantin ya zauna a titin Strand na Landan, kuma a 1914 Sarki George na Biyar, wanda shi kansa babban mai tara kan sarki ne, ya ba kamfanin takardar zama dillalin fada.

Abin da ya bari mafi ƙarfi shi ne lamba. Har yau masu cinikin kan sarkin ƙasashen da Ingila ta mallaka da lambar kundinsa suke magana, kamar yadda Amurkawa ke amfani da na Scott, Jamusawa na Michel, Faransawa na Yvert. Wannan ya taimaki kowa, don mai saye a Landan da mai sayarwa a Birnin Kebbi sun san abu ɗaya suke nufi ba tare da sun ga juna ba. Sai dai mai rubuta kundin shi ne mai kanti. Kuɗin da ke ciki kuɗin da kamfanin zai sayar maka ne, kuma na kan sarki mai cikakkiyar lafiya. Ba kuɗin da zai saya a hannunka ba ne. Wanda ya taɓa kai akuya kasuwar Jega ya san tazarar da ke tsakanin kuɗin da ake kira wa mai saye da tayin da ake yi wa mai kawowa. Kundin da kansa ya bayyana a shafukan farko, waɗanda ba wanda ke karantawa, cewa mafi ƙarancin kuɗin da aka sa wa kan sarki gama-gari ladan hidimar nemo shi da naɗe shi ne, ba ma'aunin darajarsa ba. Wanda ya ninka wannan ɗan kuɗi sau dubu goma ya ninka ladan hidima ne kawai.

Shekarar bugun ma tana da magana. A ƙarshen shekarun 1970 farashin kan sarki ya yi tashin gwauron zabo saboda masu kuɗi sun shigo suna saye don ajiya, sannan a farkon shekarun 1980 kasuwar ta rushe. Kundin da ke akwatin ya fito ne a tsakiyar wannan zazzaɓi. Kuma ko masu rubuta kundin ba su tsira daga irin wannan ba. Reshen kamfanin da ke tsibirin Guernsey, mai sayar wa mutane kan sarki a matsayin jari, ya durƙushe a 2017. A watan Yuni 2021 kamfanin ya sayi kan sarkin da ya fi kowanne suna a duniya, na santi ɗaya na ƙasar British Guiana (Guyana ta yau) na 1856, wanda guda ɗaya tak aka sani, kan dala miliyan 8.3, alhali wanda ya sayar ya saye shi a 2014 kan kusan dala miliyan 9.5. A watan Disamba 2023 uwar kamfanin ta shiga hannun masu kula da kamfanonin da bashi ya ci, aka sayar da kasuwancin ga sabon kamfani. A ganina wannan tarihi bai rage wa kundin daraja a matsayin littafin ilimi ba. Ya dai nuna cewa ba takardar banki ba ce.

Abin da aka tarar da aka zauna dubawa

An fara da masu hoton Sarki Edward, tunda su ne tushen rigimar. Nijeriya ta Arewa ta sami kan sarkinta a 1900 da hoton Sarauniya Victoria, na Edward suka biyo a 1902, na George na Biyar a 1912, kafin haɗewar 1914 ta kawo masu sunan Nijeriya kawai. Kamfanin De La Rue na Landan ne ke buga su, kuma don rage kuɗi zane ɗaya yake amfani da shi ga ƙasashe da yawa: hoton sarki da adon gefe a faranti guda, sunan ƙasa da kuɗi a wani farantin. Shi ya sa na kwabo da na sule goma suke kama da juna, har ma suna kama da na Saliyo da Gold Coast, wato Gana ta yau. Wanda autan ya gani a Facebook shi ne na fam 25 da aka fitar a 1904. Kwabo 6,000 ke nan, a zamanin da kan sarkin kwabo ɗaya ke kai wasiƙa. Ba don wasiƙa aka yi shi ba, don biyan kuɗin lasisin shigo da barasa ne, kuma kaɗan ne suka rage a duniya. Na cikin albam ɗin marigayin kuwa na ɗari (rabin kwabo) ne da na kwabo da 'yan na sisi, irin da aka buga da yawa. Sun haura shekara 100, amma tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Penny Black ɗin ma an buga fiye da miliyan 68, shi ya sa har yau mai matsakaicin hali a Ingila ke iya mallakar guda.

Sai lafiyar kayan. Yanayinmu ba ya raga wa takarda. Damina ta sa danƙon bayan waɗanda ba a yi amfani da su ba ya narke, wasu suka manne da shafi, wasu suka yi ɗigo-ɗigon tsatsa ruwan ƙasa. Hunturu ya nannaɗe wasu. Kyankyasai sun lashe danƙo a albam na uku. Masu sayen irin wannan kaya suna duba haƙori ɗaya-ɗaya, suna ɗaga takarda ga haske su ga tambarin kambi da haruffan CA da ke ɓoye a jikinta, don wani lokaci bambancin tambarin ne ke raba mai arha da mai tsada. Haƙori ɗaya da ya gutsure yana iya zubar da yawancin kuɗin. An kuma sami 'yan manya, na sule goma da na fam, waɗanda da farko suka ɗaga hankalin kowa. Da aka duba sai ga shi da alƙalami aka soke su, alamar daga takardun kotu ko rasit aka ɓamɓaro su. Irin waɗannan haraji aka biya da su, ba wasiƙa suka kai ba, kuma kasuwa ba ta ba su kuɗin da kundi ya sa wa masu hatimin gidan waya.

Gwangwanayen kuwa ragowar hajar da ba ta tafi ba ce. Da yawa daga jerin 1973 ne, wanda ya zo da naira da kwabo, mai hoton gandun dajin Yankari a na kwabo 10 da gadar Eko a na naira ɗaya. A cikin jerin akwai na kwabo 30 mai hoton bikin kamun kifi na Argungu, kuma marigayin ya ware masa gwangwani guda shi kaɗai. Wannan biki da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya zaga duniya a kusurwar ambulan tun kafin UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. An buga jerin ta hanyoyin ɗab'i biyu, kuma ya rubuta a littafinsa yadda ake gane kowanne ta ƙananan haruffan maɗaba'a da ke ƙasa. Abin sha'awa ne ga ɗan Kebbi. A kasuwa kuwa da awo ake sayar da irinsa.

Aka zo kan ambulan, inda ba wanda ya sa rai. Tun asali marigayin ba ya yanke kowace ambulan. In ya ga hatimin ƙaramin gari ya fito sarai, ko wasiƙar rajista mai hatimai da yawa a baya, sai ya ajiye ta yadda take. Akwai masu hatimin Argungu, Jega, Yelwa da Zuru, wasu ɗauke da kan sarkin mulkin kai na Jihar Arewa na 1959, na taro mai hoton zauren Lugard na Kaduna da na sule mai masallacin Kano. A bayan wasiƙar rajista ana iya bin tafiyarta gari-gari da kwanan wata. Wannan fanni ne mai zaman kansa a wajen masu tarawa, tarihin aika wasiƙa, kuma a cikinsa ba kan sarkin ake saye ba, ambulan ɗin gaba ɗaya ake so. Hatimin Legas ko Kano ya cika ko'ina. Na ƙaramin gidan waya da ke karɓar wasiƙu kaɗan a mako shi ne mai wuyar samu. Wani Bature ɗan Ingila, Edward Proud, wanda shi ma dillali ne kuma marubuci, ya buga littafi kan tarihin gidajen wayar Nijeriya a 1995, inda ya jera ofisoshi da zanen hatiminsu da lokacin da aka ga an yi amfani da kowanne. Akwai kuma ƙungiyar masu nazarin kan sarkin Afirka ta Yamma a Ingila, West Africa Study Circle, mai mujalla da ake kira Cameo. Aikin da suke yi daga nesa, suna tsintar ambulan ɗaya-ɗaya a gwanjo, shi marigayin ya yi daga bayan kanta, da hatimin a hannunsa.

A nan ne aka gano ɓarnar da ta riga ta faru. Kafin zaman, autan ya ɗauki wani kaso na ambulan ɗin ya jiƙa, kamar yadda ya ga mahaifinsa yana yi suna yara, don ya fitar da kan sarkin ya ƙirga. Abin da ya fito kan sarki ne gama-gari da kowane dillali ke da buhunsa. Abin da ya narke a tasa shi ne hatimi, adireshi da kwanan wata. Ba mugunta ya yi ba, kuma ba wanda ya tsananta masa, sai dai yayarsa malamar makaranta da ta ce, "Da ka tambayi Inna, ai ta san waɗanda Baba ba ya bari ruwa ya taɓa."

Yadda aka warware

An ɗauki hotunan shafukan albam da ambulan, gaba da baya, aka aika wa masu gwanjon kan sarki a ƙasashen waje. Waɗanda suka amsa bakinsu ya zo ɗaya. Albam da gwangwanaye ba za su biya kuɗin jirgi da la'ada ba. Ambulan ɗin suna da masu so, musamman in an sayar da su a dunƙule tare da littattafan, amma ba wanda zai yanke kuɗi sai ya riƙe su a hannu, kuma gwanjo ba ya alkawari. Kuɗin da aka yi hasashe mai amfani ne, sai dai ko kusa bai kai na gidan ba.

Wani abu kuma ya taso da kundi bai san da shi ba. Wasu ambulan ɗin da wasiƙunsu a ciki: maganar aure, bashi, ƙarar wani a gaban alƙali, kuma jikokin masu wasiƙun suna nan cikin gari. Ƙanen marigayin ne ya tsaya a kan wannan. "Allah gafarta Malam, wanga sirrin mutane ne, ba namu ba. Ɗan'uwana ajiya yay yi, bai kai kasuwa ba." Mai saye a waje ya fi son ambulan da wasiƙarta, don haka cire su rage kuɗi ne. Malamin ya goyi bayan baffan nasu, magadan suka yarda, aka fitar da wasiƙun aka ba shi ya mayar wa iyalan da za a iya ganewa.

Daga nan aka kasa akwatin gida biyu. Albam, gwangwanaye, hantsaki da jan kundin aka yi musu ƙima 'yar kaɗan da kowa ya amince da ita, malamar makarantar ta ɗauka aka cire daga kasonta, tana so ta riƙa nuna wa ɗalibai. Kuɗin ya shiga cikin sauran dukiya, aka fitar wa uwargida tumuninta, saura aka raba namiji ya ɗauki rabon mata biyu. Ambulan da littattafan kuwa malamin ya hukunta cewa suna cikin abin da rabawa ke cutarwa. Na yarda da shi, har ma ina ganin cutarwar ta wuce ta kuɗi: littafin yana cewa an ga hatimi kaza a rana kaza, ambulan ɗin ita ce shaidarsa, in aka raba su takwas an bar da'awa babu shaida, an bar shaida babu mai bayani.

Ra'ayi ya rabu kan inda za su. Mata uku da babban wansu sun fi son a ba da su inda masu bincike za su gani, aka ambaci gidan tarihi na Kanta a Argungu, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato da Arewa House a Kaduna. Malamin ya tunatar cewa kyauta ko waƙafi sai da yardar kowane mai kaso, kuma wanda ya nemi a sayar yana da hujjarsa a littafi. Autan ya ce shi sayarwa yake so. Ban ga laifinsa ba. Shi ne mafi ƙarancin hali a cikinsu, kuma mahaifinsu ma ai ciniki ya yi da kan sarki, bai taɓa cewa haramun ne a ci kuɗinsa ba.

Sulhun da aka rubuta ya tsaya a kan abu uku. Za a ɗauki hoton kowane shafi da kowace ambulan a ba duk magaji kwafi, ko me ya faru daga baya. Kayan za su zauna wajen malamar makarantar a matsayin amana, a kan kanta nesa da ƙasa da bango, ba cikin leda ba, ana buɗewa ana shanyawa a inuwa bayan damina. 'Yan'uwan da ke son a ajiye su a gida suna da damar sayen kason autan a kan ƙimar da mai gwanjo ya yi hasashe, kafin a nemi mai saye a waje. In damina biyu ta wuce ba a yi ko ɗaya ba, za a sake zama gaban malamin. Autan ya sa hannu, amma sai da ya sa aka ƙara layi guda cewa bai yafe kasonsa ba, shaidu biyu suka sa nasu a ƙasa.